Abin da na koya game da haɗa magungunan rage raɗaɗi bayan an yi wa mahaifina aikin ciki

Da aka fito da mahaifina daga ɗakin tiyata, bayan an yanke wani sashe na babban hanjinsa an sake haɗa bakunan biyu, dogon ɗinkin da ya taso daga ƙasan ƙirjinsa har ya wuce cibiya yana rufe da bandeji, saboda haka ban gan shi ba sai bayan kwana biyu. Abin da idona ya fara sauka a kai shi ne takardar magunguna da ke rataye a ƙarshen gadonsa. A cikinta na ga an rubuta magunguna uku da aka ce duk na rage raɗaɗi ne, ga kuma na huɗu da aka rubuta sannan aka ja masa layi. Akwai wata siririyar roba da ta fito daga tsakiyar bayansa ta haura kafaɗa zuwa wata 'yar na'ura, akwai farasitamol da ake ɗaura masa ta jijiya duk bayan awa 6, akwai kuma mofin, wani magani mai ƙarfin gaske, da aka ce a ba shi idan zafin ya fi ƙarfin waɗancan biyun. Hankalina bai kwanta ba. A tunanina na lokacin, yawan magani alama ce ta tsananin ciwo, kuma dattijon da ya haura shekara 70, wanda aka gama buɗe wa ciki, bai kamata a tara masa magunguna iri-iri a jiki ba. Ban kuma ga amfanin farasitamol ba, maganin da kowa ke sha idan kansa na ciwo, a wurin mutumin da aka yi wa yanka mai tsawon kusan taƙi guda.

Da likitar allurar barci ta zo zagayen yamma, na tare ta a bakin ƙofa na ce, "Likita, me ya sa ba za a ba shi guda ɗaya mai ƙarfi ba a huta?" Ta ce, "Malam, guda ɗaya mai ƙarfin shi ne abin da muke gudu. Idan muka dogara da shi kaɗai, sai mun ba Baba da yawa kafin zafin ya kwanta, kuma yawan nan shi zai hana hanjinsa tashi, shi zai hana shi numfashi yadda ya kamata." Ba ta daɗe ba ta wuce gado na gaba, amma maganarta ta zauna mini, kuma kwanaki takwas da na yi ina jinyarsa, da karatun da na yi bayan an sallame mu, sun nuna mini cewa tsarin da na yi wa kallon tara magani shi ne ya fi kowane tausaya wa jikin majinyaci.

Dalilin yana cikin yadda zafi yake tafiya a jiki. Idan wuƙa ta ratsa fata da tsoka, naman da aka ji wa rauni yakan saki wasu sinadarai, daga cikinsu akwai waɗanda ake kira furostagilandin, su ne ke kawo kumburi, su kuma sa bakunan jijiyoyin wurin su zama masu saurin ji, har taɓawa kaɗan ta zama azaba. Daga nan saƙon yakan bi jijiya zuwa laka, a cikin laka ana iya ƙara masa ƙarfi ko a rage, sannan ya hau zuwa ƙwaƙwalwa, inda mutum yake sanin cewa yana jin zafi. Wato hanyar tana da zango-zango, kuma kowane rukunin magani yana da zangon da yake tsarewa. Dangin ibufurofen suna rage sinadaran kumburi tun daga bakin raunin. Magungunan kashe jijiya irin su bufibaken suna datse saƙon a kan hanya. Dangin mofin suna aiki a laka da ƙwaƙwalwa. Farasitamol ma mafi yawan aikinsa a can laka da ƙwaƙwalwa yake yi. Tun da kowanne illarsa daban take, idan aka ɗauki kaɗan daga nan, kaɗan daga can, amfaninsu yakan taru wuri ɗaya, illolinsu kuwa su warwatsu, babu wadda za ta yi nauyin da za ta kayar da majinyaci. Aikin ciki kuma yana da tasa matsalar, domin zafinsa iri biyu ne: akwai na bangon ciki, mai kaifi, wanda mutum zai iya nuna wurinsa da yatsa, wanda kuma yake tashi da zarar an motsa, akwai na kayan ciki, mai murɗa da nauyi, wanda ba ya tsayawa wuri ɗaya. Da wuya magani guda ya iya da duka biyun.

Wannan tunani na haɗa magunguna ba tsoho ba ne sosai. Tun farkon ƙarni na 19, lokacin da wani mai haɗa magunguna ɗan Jamus, Friedrich Sertürner, ya tace mofin daga ofiyom, wato ƙaron da ake samu daga wani tsiro, wannan magani ya zama abin dogaro wajen kwantar da zafi mai tsanani, kuma har gobe babu mai musun ƙarfinsa. Sai dai hanji ma yana da wuraren da mofin ke kamawa, kuma idan ya kama, motsin hanji yakan ragu ko ya tsaya. Ga mutumin da aka taɓa wa hanji, wanda dama hanjin nasa ya yi sanyi saboda aikin, wannan ƙarin nauyi ne: ciki ya kumbura, iska ta ƙi fita, amai ya taso, abinci ya ƙi zama. Ga kuma barci mai nauyi, da ƙaiƙayi, da riƙewar fitsari, da ruɗewa musamman ga tsofaffi, da wanda ya fi su duka haɗari, wato raguwar numfashi. A shekarar 1993 wani likitan tiyata ɗan ƙasar Denmak, Henrik Kehlet, tare da abokin aikinsa Jørgen Dahl, suka wallafa bayani a kan amfanin haɗa magunguna masu aiki ta hanyoyi daban-daban bayan tiyata. Kehlet ɗin nan shi ne ya jagoranci tsarin gaggauta farfaɗowar majinyaci, wanda ya ƙunshi tayar da shi daga gado da wuri, da ba shi abin sha da abinci da wuri, da cire robobi da zarar aikinsu ya ƙare. Duk waɗannan ba sa yiwuwa ga wanda zafi ya ɗaure, ba sa kuma yiwuwa ga wanda magani ya bugar. Abin da ake nema shi ne mutum ya kasance a farke, hankalinsa a jikinsa, kuma zafin ya sauka zuwa inda zai iya motsi.

Na fahimci wannan sosai ne a safiyar kwana na farko. Mahaifina mutum ne mai dauriya, wanda duk rayuwarsa ban taɓa jin ya yi raki ba. Da ma'aikaciyar jinya ta tambaye shi, "Baba, yaya jikin?" sai ya ce, "Da sauƙi." Ta ce ya kwatanta mata zafin daga sifili zuwa 10, ya ce 2. Na ji daɗi ƙwarai. Ita kuwa ba ta rubuta komai ba tukuna. Ta ce, "To Baba, ja numfashi mai zurfi, ka yi mini tari." Ya fara ja, bai kai rabi ba ya tsaya cak, fuskarsa ta yamutse, hannunsa ya damƙe ƙarfen gado, gumi ya feso masa a goshi. Ta ce, "Wannan fa nawa ne?" Ya daɗe kafin ya ce, "Bakwai." Wannan bakwai ɗin ta rubuta, kuma a kansa aka ƙara gudun maganin da ke shiga ta bayansa.

Sai daga baya na lura cewa tun dare yana kwance ne kamar itace, yana numfashi sama-sama, domin ya gano cewa muddin bai motsa ba zafin ba ya tashi. Wannan kwanciyar ita ce mafarin da yawa daga cikin matsalolin da ke biyo bayan aikin ciki. Faffaɗar tsokar da ta raba ƙirji da ciki tana sauka ne a duk lokacin da aka ja numfashi, tana tura kayan ciki zuwa ga ɗinkin. Wanda ke tsoron wannan turawar ba ya cika huhunsa, sai ƙananan jakunkunan iska da ke gindin huhu su rufe, majina ta taru a ciki, kuma daga nan zuwa nimoniya ba nisa. Ƙafar da ba ta motsi kuma jini yakan daskare a jijiyoyinta, gudan ya iya ɓallewa ya tafi huhu. Saboda haka tambayar da ta fi muhimmanci ga wanda aka yi wa aikin ciki ita ce ko zai iya jan numfashi har ƙasa, ya yi tari, ya juya, ya sauko da ƙafafunsa daga gado. Ina ganin masu jinya ya kamata su san wannan fiye da kowa, domin mu ne muke yaba wa majinyaci idan ya yi shiru, muna cewa ya yi ƙoƙari, alhali shirun nasa na iya zama abin da ke cutar da shi. Ma'aikaciyar ta naɗe wani ɗan matashi ta ɗora masa a kan bandejin, ta sa ya rungume shi da hannu biyu ya danna kafin ya yi tarin. Bayan kamar awa ɗaya da ƙara maganin, ya yi tari uku a jere, majina ta fito, ya jingina yana haki amma fuskarsa a sake.

Farasitamol ɗin da na raina shi ne ya fi ba ni mamaki. Shi kaɗai ba zai iya da zafin babban aiki ba, wannan gaskiya ne, amma idan ana ba da shi a kan lokaci ba tare da fashi ba, yakan rage yawan mofin da mutum zai buƙata, kuma ba ya kashe hanji, ba ya sa barci, ba ya taɓa numfashi. Sirrinsa yana cikin bin agogo. Na taɓa cewa wata ma'aikaciyar dare ta bar shi tunda Baba ya samu barci kuma bai yi kuka da komai ba, sai ta ce mini ba a jiran zafi ya dawo kafin a ba da irin wannan, domin zafin da aka bari ya taso ya fi wuyar kwantarwa fiye da wanda aka tare tun bai ɗago ba. Ga babba mai lafiyar hanta, abin da aka saba shi ne giram 1 duk bayan awa 6, kada ya wuce giram 4 a cikin awa 24. Wanda nauyinsa bai kai kilo 50 ba, ko mai ciwon hanta, ko wanda ya daɗe ba ya cin abinci sosai, ana rage masa. Wannan iyaka ba ta wasa ba ce, domin farasitamol idan ya yi yawa hanta yake lalatawa, kuma yakan yi ɓarnar a ɓoye, mutum na iya yin kwana ɗaya ko biyu bai ji wani abin tayar da hankali ba.

Maganin da aka ja wa layi a takardar kuwa ibufurofen ne. Dangin nan, da suka haɗa da diklofenak da ketorolak da selekoksib, suna da ƙarfi sosai a kan zafin motsi, wanda shi ne ainihin abin da ke addabar mai ɗinki a ciki. A 1971 ne wani masani ɗan Birtaniya, John Vane, ya nuna cewa asfirin da 'yan uwansa suna aiki ne ta hanyar hana jiki ƙera furostagilandin, binciken da ya sa ya samu lambar yabo ta Nobel a 1982. Matsalar ita ce sinadaran nan ba zafi kaɗai suke kawowa ba. Su ne ke kare bangon tumbi daga ruwan tsamin da ke cikinsa, su ne kuma ke taimaka wa jini ya ci gaba da isa ƙoda idan ruwa ya yi ƙaranci a jiki. Mutumin da ya zubar da jini a tiyata, ga shekaru, ga hawan jini da yake shan magani a kansa, idan aka toshe masa wannan kariya ƙodarsa na iya samun rauni. Akwai kuma muhawara tsakanin likitocin tiyata a kan ko waɗannan magunguna suna ƙara yiwuwar mahaɗar hanji ta yi yoyo, shi ya sa wasu ke kauce musu a kwanakin farko idan an ɗinke hanji da hanji. Gwajin jinin mahaifina ya nuna ƙodarsa ba ta kai yadda ake so ba, sai aka fasa ba shi gaba ɗaya. Wani matashi da ke gadon kusa da namu, wanda aka yi wa wani aikin daban, ana ba shi, kuma ya amfane shi. Wannan ya nuna mini cewa haɗa magunguna ba jeri guda ba ne da ake karanta wa kowa. Cire abin da bai dace da mutum ba yana cikin tsarin kamar yadda ƙarawa take ciki. Ko ga wanda ya dace da su ma ba a daɗewa, ketorolak misali ba a wuce kwana 5 ana ba da shi.

Robar baya, wadda suke kira efidural, ita ce ta ɗauki mafi yawan nauyin a kwanakin farko. Ana zura ta ne tsakanin ƙasusuwan baya zuwa wani ɗan sarari da ke wajen rigar da ta lulluɓe laka, a daidai inda jijiyoyin ciki ke fitowa, sai maganin kashe jijiya ya riƙa ɗiga a hankali dare da rana. Idan ta zauna daidai, sai ka ga kamar an ɗaura wa mutum wata faffaɗar ɗamara ta rashin ji daga ƙasan nono zuwa mara, ƙafafunsa kuma suna aiki. Ma'aikatan kan zo da ƙanƙara a cikin safar hannu, su ɗora a kafaɗa, su sauko da ita a hankali suna tambaya, "Baba, nan da sanyi? Nan fa?" har su gane inda ɗamarar ta fara da inda ta ƙare. Wani amfaninta shi ne tana kwantar da jijiyoyin da ke danne motsin hanji, sai hanjin ya farfaɗo da wuri. Amma waɗannan jijiyoyi su ne kuma ke matse hanyoyin jini, shi ya sa awon jini yakan yi ƙasa. Ranar da aka fara zaunar da mahaifina a bakin gado jiri ya ɗebe shi, aka mayar da shi aka ƙara masa ruwa, sai da yamma ya iya tsayawa. An gargaɗe mu cewa idan ƙafafunsa suka fara nauyi suna ƙaruwa, ko wani sabon ciwon baya mai tsanani ya taso, mu faɗa nan take ko da tsakar dare ne, domin yana iya zama jini ne ya taru yana danne laka. Saboda wannan dalili ne ma ake daidaita lokacin sa robar da cire ta da lokacin allurar hana daskarewar jini.

A daren kwana na biyu robar ta goce. Ba mu san lokacin ba, sai dai wajen asuba na farka na ji Baba yana nishi a hankali, zanin gadon kuma ya jiƙe a bayansa, maganin yana zuba waje. Kafin a kira likita, a duba, a yanke shawara, an ɗauki lokacin da har yau idan na tuna nakan ji ba daɗi, domin a cikinsa na ga irin zafin da robar take ɓoye mana. Abin da ya rage masa azabar shi ne farasitamol ɗin da bai yanke ba, da mofin da dama an riga an rubuta domin irin wannan hali, ba sai an fara neman izini daga farko ba. A nan na ga wani amfanin tsarin da ban yi tunaninsa ba: idan ɗaya ya faɗi, akwai waɗanda ke tsaye.

Da gari ya waye aka haɗa masa na'urar da majinyaci ke danna wa kansa magani. Maɓalli ne a hannunsa, idan ya danna sai miligiram 1 na mofin ya shiga jijiya, na'urar kuma ta kulle na minti 5, ko ya danna sau goma a cikin wannan lokaci ba abin da zai ƙara shiga. Da farko ya ƙi taɓa shi, yana tsoron kada ya saba. Likitar ta zauna a gefensa ta ce, "Baba, kwana biyu ko uku ne, kuma muna ƙirga duk abin da ya shiga. Ka danna kafin ka tashi, kada ka bari sai ka tashi." Hakan ya riƙa yi: minti kaɗan kafin a zo tayar da shi tafiya sai ya danna, ya jira, sannan ya rungume matashinsa ya miƙe. A daren nan ne kuma na yi kuskuren da nake so duk mai jinya ya sani. Na ga yana barci yana ɗan yamutsa fuska, tausayi ya kama ni, na miƙa hannu zan danna masa. Ma'aikaciyar da ke duba na kusa da mu ta riƙe mini hannu ta ce, "Kada ka ƙara. Shi kaɗai ke dannawa." Ta bayyana mini cewa kariyar na'urar tana cikin hannun majinyacin ne: idan maganin ya fara yi masa yawa barci zai ɗauke shi, maɓallin ya faɗi daga hannunsa, shi ke nan ya tsaya. Idan wani ya ci gaba da danna wa mai barci, ya cire wannan kariyar, kuma barci mai nauyi shi ne ke gabatar raguwar numfashi. Ta koya mini in riƙa kallon ƙirjinsa ina ƙirga numfashinsa a cikin minti ɗaya, in kira su idan ya yi ƙasa da 10, ko idan na tashe shi ya kasa buɗe ido ya amsa mini sosai. Akwai maganin da ke karya aikin mofin cikin 'yan mintuna, sunansa nalokson, amma sai an lura da wuri yake amfani.

Akwai wasu hanyoyin da ba a yi wa mahaifina ba amma suna cikin wannan tsari. Ana iya yin allurar kashe jijiya tsakanin tsokokin bangon ciki da taimakon na'urar hoto, ko a bar siririyar roba a gefen raunin tana ɗiga magani. Wasu ana ɗaura musu lidoken, wani maganin kashe jijiya, ta hanyar jini, wasu kuma ketamin kaɗan, wanda maganin allurar barci ne, musamman waɗanda dama sun daɗe suna shan dangin mofin. Gabafentin, wani maganin ciwon jijiya, ya yi tashe na wani lokaci, amma yanzu ana taka-tsantsan da shi saboda jiri da barcin da yake sawa, kuma a 2019 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa haɗa shi da dangin mofin na iya danne numfashi, musamman ga tsofaffi da masu ciwon huhu.

Wani abin da ya dame ni a kwanakin nan shi ne tsoron kada maganin ya ɓoye wata matsala a ciki. Amsar da na samu ita ce ana kallon alƙiblar zafin ne. Zafin ɗinki yakan fi tsanani a kwana ɗaya zuwa biyu na farko, sannan ya riƙa sauka. Idan a kwana na huɗu ko na biyar ya juyo yana hawa, ko ya sauya kama ya bazu ko'ina a ciki, ga zazzaɓi, ga bugun zuciya da sauri, ga ciki ya yi tauri, to wannan ba wurin ƙara magani ba ne, wurin kiran likitan da ya yi aikin ne. Mutumin da jiya sau kaɗan ya danna maɓalli, yau kuma ya ninka, na'urar da kanta ta ba da labari. A wurin mahaifina lissafin sauka ya riƙa yi. A kwana na huɗu iska ta fita, abin da duk ma'aikatan ke ta tambaya safe da yamma, aka cire na'urar, aka mayar da shi kan magungunan sha.

Ranar sallama aka ba mu farasitamol da ƙwayoyi kaɗan na dangin mofin, tare da maganin sassauta bahaya, domin yunƙuri a banɗaki yana ja wa ɗinki. Mai ba da maganin ta ce a janye su ne daga mai ƙarfi zuwa mai sauƙi: a fara barin mai ƙarfin da rana, a bar shi na dare kawai, sannan a daina, farasitamol kuma shi ne na ƙarshen tafiya. Ta ja kunnena a kan abubuwa uku. Na farko, magungunan mura da yawa da wasu ƙwayoyin ciwon jiki suna ɗauke da farasitamol a cikinsu, saboda haka mutum na iya zarce iyaka bai sani ba, dole a karanta kwali kafin a ƙara masa komai. Na biyu, kada a haɗa mai ƙarfin da maganin barci ko barasa. Na uku, kada wani ya kawo masa tiramadol ko kodin da sunan taimako, domin su ma dangin mofin ne duk da ana yi musu kallon masu sauƙi: kodin sai hanta ta juya shi zuwa mofin yake aiki, kuma mutane sun bambanta ƙwarai wajen saurin wannan juyawa, tiramadol kuma yana iya kawo farfaɗiya, yana kuma karo da wasu magungunan ciwon damuwa.

Na rubuta lokutan a takarda na manna a jikin ƙofar ɗakinsa, duk wanda ya ba shi magani sai ya sa alama da awa, domin mu uku ne muke karɓa-karɓa, kuma a rana ta farko kaɗai saura ƙiris a ba shi farasitamol sau biyu cikin awa ɗaya. Kwana uku bayan komawa gida ya daina karɓar mai ƙarfin, ragowar ƙwayoyin na mayar da su wurin da aka ba mu a ranar da muka je cire ɗinki. A wannan zuwan likitan ya shafa gefen tabon yana tambaya ko akwai wurin da ke ƙuna ko yake yi kamar tsirar allura, ya ce idan irin wannan ya wuce wata 3 mu dawo, domin ciwon jijiya ne kuma maganinsa daban yake. Baba ya ce ƙuna babu, sai dai wani ɗan wuri a ƙasan cibiya da ba ya jin taɓawa sosai. Likitan ya sa shi ya yi tari yana tsaye, ya yi ba tare da ya kai hannu cikinsa ba, sannan aka rubuta mana ranar dawowa.